Shafa Gam Wajen Canja Famfon Ruwan Mota

Manomi ko ɗan kasuwa mai lori ko tarakta ya kamata ya tsaya kusa da makanike ran da za a canja famfon ruwan injinsa. Wannan famfo shi ne ke kora ruwa daga lagireto zuwa cikin inji don kada ya yi zafi. Ɗaura sabo ba wuya, amma wajen shafa gam a kan yi ɓarna.

Tsakanin famfo da jikin inji akwai wani shafi da a ke kira gaskit. Shi ne ke tsare ruwa. Gam taimako kawai ya ke yi, watau ya cike 'yan ƙananan ramukan da tsatsa ta ci, ya kuma riƙe gaskit kada ya goce. Amma yaran gareji da yawa su kan lafta shi kamar ana yaɓen ɗaki, wai don kada ya yi yoyo. Da an ɗaure kusoshi sai gam ya matso ta gefe biyu. Na waje a kan gan shi a goge. Na ciki fa? Shi ne ke ɓallewa ya bi ruwa ya toshe siraran bututun lagireto. Bayan kwanaki inji ya dinga tafasa, har kansa ya lanƙwashe, ga kaya a mota ga kasuwa tana ci. Kuɗin wannan gyara ya ninka na famfo sau da yawa.

Da fari a kankare tsohon gaskit sarai, a goge wurin ya bushe. In ƙarfen alminiyam ne kada a sa sukuddireba, gama ba shi da tauri, kuma kurji ɗaya ya isa ya buɗe wa ruwa hanya. Gaskit na takarda a shafa masa gam kaɗan-kaɗan, har ana ganin takardar ta ƙarƙashi. In zoben roba ne, ko gaskit na ƙarfe mai rufin roba, ba a sa masa gam ko kaɗan. Waɗansu injuna ba su da gaskit sam, sai a zaga da silikon zare ɗaya, kaurin milimita 2 ko 3, kamar tsinken ashana. Kusar da ta shiga har cikin hanyar ruwa ita ma a ɗan shafa wa barimarta.

A ɗaure kusoshi sannu-sannu, wannan sa'an nan wadda ke fuskantarta, ba a ƙure ɗaya tukuna a koma sauran ba. Akwai wata 'yar kafa a ƙarƙashin famfo, lalle kada a liƙe ta. Ran da ruwa ya soma ɗiga daga nan, famfon ne ya mutu daga ciki, gam ba ya maganinsa.

Silikon ya kan ɗauki kamar awa 24 kafin ya kama sosai. Mai haƙuri ya bar mota ta kwana, da safe a zuba ruwa a ta da inji, a duba gefen famfo.