Idan masu saye sun fi hannun jarin yawa

Wani mai karatu ya turo tambaya: ya nemi hannun jari a kamfanin da ya shigo kasuwa, aka ba shi ƙasa da rabi, aka mayar masa da ragowar kuɗinsa, alhali an ce har ƙari aka sayar. Shin cutarsa aka yi?

Malam, ba a cuce ka ba. Idan masu nema suka yi yawa, rabo ake yi. Ƙarin kuwa yana da iyaka, yawanci kashi 15 cikin 100, kuma tun farko a rubuce yake.

Bankunan da ke tsaya wa kamfani wajen sayarwa sukan sayar da 115 alhali 100 aka fitar, sau da yawa da aron hannun jari daga manyan masu kamfanin. Bashi ya hau kansu ke nan, kuma kwana 30 aka saba ba su. Idan farashi ya tashi, sai su karɓi ƙarin daga kamfanin ko masu shi a kan farashin farko. Haka aka yi da Aramco ta Saudiyya: a Disambar 2019 an sayar da hannun jari biliyan 3 a kan riyal 32 kowanne, a Janairun 2020 aka ƙara miliyan 450, kuɗin ya tashi daga dala biliyan 25.6 zuwa 29.4.

Idan kuwa farashi ya kama hanyar faɗuwa, kasuwa suke shiga su saya su biya bashin, sayen nasu ya tokare farashin. Nan ne ƙaramin mai zuba jari ke ruɗewa. Ya ga farashi tsaye cak, ya zaci kayan ne ke da ƙarfi, ashe hannu ne ke riƙe da shi. Ranar da Facebook ya shiga kasuwa a Mayun 2012, bankuna sun yi ta saye don kada farashin ya gaza na farko, wato dala 38. Zuwa Satumba ya koma ƙasa da rabin haka.

Saboda haka, ka buɗe takardar bayanin tayin ka duba yawan ƙarin, yadda za a yi rabo, da ranar da tokarar za ta ƙare. Kada ka ci bashi don ka nemi mai yawa, kuɗin na iya yin makonni kafin ya dawo. In kana son ƙari daga kasuwa, yi haƙuri wa'adin ya wuce tukuna.