Kafin Ka Biya Kuɗin Amfilifaya

Mai sayen ƙaramar amfilifaya don masallaci ko biki a 'Yankuzo, kada "1000W" na jikin kwali ya ruɗe ka. Yawancin masu arahar nan ajin D ne, irin masu TPA3116. A batirin sola mai volt 12, da lasifika mai ohm 4, da ƙyar kowane ɓangare ya kai watt 18.

Ka sa mai gyaran rediyo a Tsafe ya gwada a gabanka: ya kunna sautin 400Hz daga wayar hannu, ya ɗora mita a AC a kan wayoyin lasifika, ya ƙara murya har ta fara karkarwa. Ninka volt ɗin da mita ta nuna da kansa, ka raba da ohm ɗin lasifikar: abin da ya fito shi ne ainihin watt ɗin. Amma kada baƙar wayar lasifika ta taɓa ta batiri, amfilifayar na iya ƙonewa.