Kawar da Ƙudan Tsando: Riba da Hasarar da Ke Ciki

Duk mai harkar shanu a yankin Kwoi da Kafanchan ya san ɓarnar sammore. Cutar tana ramar da saniya, ta rage nono, ta sa ɓari, ta kuma karya farashi a kara. Ƙudan tsando ne ke yaɗa ta, kamar yadda yake yaɗa ciwon barci ga mutane, kuma maɓoyarsa ita ce kurmin da ke bin gaɓar rafuka a kudancin Jihar Kaduna. Saboda haka ba abin mamaki ba ne idan makiyayi ya ce a shafe shi daga doron ƙasa.

A ilmance hakan mai yiwuwa ne, domin ƙwaron ba ya hayayyafa da yawa. Macen ba ta zuba ƙwai kamar sauro. Tsutsa ɗaya take haifa a kowane kwana tara ko goma. Abin dubawa shi ne hanyar da za a bi, da wanda zai ɗauki hasarar.

Nijeriya ta jarraba hanyoyi da dama. A shekarun 1930 gwamnatin mulkin mallaka ta sare kurmin bakin rafuka a Anchau, ta tashi ƙauyuka, ta kafa sabon gari mai suna Takalafiya. Daga tsakiyar shekarun 1950 zuwa ƙarshen shekarun 1970 aka koma feshin DDT da Dieldrin, aka kuma kori ƙudan daga kimanin murabba'in kilomita 200,000 a arewa. Nasara ce babba, amma guba ba ta tantance abokin gaba. Tana taɓa kifi da tsuntsaye da zuma, tana kuma daɗewa a ƙasa. Yarjejeniyar Stockholm ta 2001 ta haramta Dieldrin, ta taƙaita amfani da DDT. A Kudancin Rodeshiya, wato Zimbabuwe ta yau, namun daji aka riƙa harbewa dubbai domin a hana ƙudan jinin da yake sha. Da wuya a sami mai kare wannan a yau.

Hanyar da ta fi tsabta ita ce sakin mazan da aka mayar bakararre da haske mai ƙarfi, ta yadda macen da ta sadu da su ba za ta haihu ba. Da ita aka gama da ƙudan a tsibirin Unguja na Zanzibar a 1997. An yi irin wannan aiki a yankin Lafiya a shekarun 1980, sai dai Lafiya ba tsibiri ba ce. Da aka daina tsaron iyaka, ƙudan ya dawo daga maƙwabta, kuɗin da aka zuba ya bi ruwa. Kwoi ma ba tsibiri ba ce.

Akwai kuma lissafin da ba a cika yi ba. Shekara da shekaru ƙudan tsando ne mai gadin kurmi, domin shi ya hana shanu da garma kutsawa ciki. Idan ya kau, fili ya buɗe: garke ya ƙaru, gona ta faɗaɗa, gatari ya shiga. Kurmin nan kuwa shi ke riƙe gaɓar rafi da danshin da manomin citta ke dogaro da shi. A yankin da rikicin gona da burtali ya riga ya ci rayuka, buɗe sabon fili ba tare da an tsara mallakarsa ba, sayen rigima ne.

Dangane da halaccin shafe jinsin halitta ɗungurum, ra'ayi ya rabu. Shugabannin Afirka sun amince da yaƙin kawar da ƙudan a taronsu na Lome a 2000, bisa hujjar cewa ran mutum da dukiyarsa ne a gaba. Masu ja da hakan na cewa abokin gaba shi ne cutar, ba ƙwaron ba, kuma abin da aka shafe ba ya dawowa. Hujjarsu tana da ƙarfi: a 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa Togo ta shawo kan ciwon barci, alhali ƙudan yana nan a ƙasar.

Ga mai zuba jari a kiwo a ƙasar Jaba ko Jama'a, hanyoyin rage ƙudan sun fi araha: tarkon shuɗin ƙyalle da baƙi a mashaya, shafa wa shanu magani a gadon baya, da kiwon irin da ke jure cutar kamar Muturu da Ndama. Ana samun shawara a kan waɗannan daga Cibiyar Binciken Cutar Sammore ta Nijeriya da ke Kaduna.