Darasi Na 14: Gyaran Hoto A Cikin Waya

Tun zamanin da mutane su ke son ajiye kamannin abin da su ka gani. Kusa da mu nan, a Birnin Kudu, akwai Dutsen Mesa da Dutsen Habude, inda mutanen da su ka zana siffofin shanu a jikin dutse, har yau ana zuwa kallo. Mu kuwa yanzu ba ma bukatar dutse. A Basirka da Gwaram da Sara, mutane da yawa suna da wayar da ke ɗaukar hoto. Amma sau da yawa hoton ya kan fito da duhu, ko a karkace. A darasin nan za mu koyi yadda a ke gyara shi, mu kuma san inda gyara ya ke tsayawa.

Yadda hoton waya ya ke

Da can hoto sai da fim, sai kuma an kai an wanke. A 1975 wani injiniya na kamfanin Kodak a Amurka, Steven Sasson, ya haɗa kyamara ta farko wadda ba ta bukatar fim. Irin wannan kyamara ce a ka ƙanƙanta a ka sa cikin wayoyinmu.

Hoton waya ɗigo-ɗigo ne, kamar tabarma da a ka saƙa da kaba mai launi iri-iri. Ko wane ɗigo ana kiransa fiksel. Launinsa kuwa haɗin uku ne: ja da kore da shuɗi. Waya mai megafiksel 12 tana jera ɗigo 4,000 a tsawo, 3,000 a faɗi, watau ɗigo miliyan 12. Gyaran hoto shi ne a umarci waya ta ƙara wa ɗigon nan haske, ko ta rage, ko ta zubar da waɗansu.

Abin da a ke gyaran da shi ana ce masa manhaja. Wadda ta fi suna ita ce Photoshop, ta kamfanin Adobe, wadda ta fito a 1990, amma ita ta kuɗi ce. Akwai Snapseed, wadda Google ya saya a 2012, ita kyauta ce. Ba lalle ne ku nemi ko ɗaya ba, gama kusan ko wace waya mai shafawa tana da abin gyara nata a wurin da hotuna su ke. Ku buɗe hoto, ku nemi alamar fensir ko ta layuka masu ƙulli, ku taɓa.

Kafin a ɗauka

Rigakafi ya fi magani. Ku goge gilashin kyamara da tsumma mai laushi, balle lokacin hunturu da ƙura ta ke yawa. Ku ba rana baya, haskenta ya sauka a kan abin da za ku ɗauka. Hantsi da la'asar sun fi tsakar rana, domin da tsakar rana inuwa ta kan rufe idanu. Ku riƙe waya da hannu biyu. In abin yana nesa, ku taka ku matsa, kada ku jawo shi da yatsa, gama jawowa tana dusashe hoto.

Matakan gyara

Na farko, ku ajiye na asali. Sa'ad da ku ka gama gyara, ku zaɓi a ajiye sabon daban. In gyaran ya ɓaci, kuna da wurin komawa.

Na biyu, miƙewa. Ku dubi layin ƙasa, ko katanga, ko bakin ƙofa. In ya karkace, ku juya hoton kaɗan-kaɗan har ya daidaita.

Na uku, yankewa. Alamarta kusurwa biyu ce da su ka sarƙe. Ku ja gefen hoton ku fid da abin da ba a bukata, kamar bokiti, ko shanya, ko ƙafar mai wucewa. Amma ku lura, abin da a ka yanke ɗigo ne a ka zubar. In kun yanke rabin tsawo da rabin faɗi, saura 2,000 da 1,500, watau miliyan 3 kaɗai, kashi ɗaya cikin huɗu. Saboda haka wanda ya cika yanka, hotonsa zai fito dishi-dishi.

Na huɗu, haske. Alamarsa rana ce. Ku ja ƙullin zuwa dama a hankali har fuska ta fito sosai. Ku sa ido a kan farar riga. In ninkin rigar ya fara ɓacewa, ta zama fari fat kamar takarda, kun wuce, ku koma baya. Waɗansu wayoyi suna da ƙulli na inuwa kaɗai. Shi ya fi kyau ga mutumin da malafa ta rufe wa fuska, don yana haskaka wurin duhu ya bar sauran.

Na biyar, bambancin fari da baƙi. Alamarsa da'ira ce, rabi fari rabi baƙi. Hoton da a ka ɗauka cikin hazo ya kan yi fari-fari. In an ƙara wannan kaɗan sai ya washe.

Na shida, launi. Hoton da a ka ɗauka da dare a ƙarƙashin fitila ya kan yi ruwan ɗorawa ko shuɗi-shuɗi. Ku ja ƙullin launi har abin da ku ka san fari ne ya koma fari. Gyaran hoto kamar gishiri ne a miya. Kaɗan ya gyara, da yawa ya ɓata.

Abu biyu ba su gyaruwa. Hoton da hannu ya girgiza, da wurin da haske ya ƙone ƙurmus. Waɗannan sai dai a sake ɗauka.

Wajen aikawa

WhatsApp ya kan matse hoto don ya yi saurin tafiya, matsewar nan kuwa tana rage kyansa. In hira ce, ba kome. In za a buga shi a takarda ne, ku aika shi ta hanyar da a ke aika takardu, ko ku kai wayar wurin mai bugawa ya cira da kansa.

Inda gyara ya ke tsayawa

To, jama'a, ga babban abin da ke cikin darasin nan. A ce kana da rago, dillali a Kano ya ce ka aiko da hotonsa. Ka ƙara haske, ka yanke turke da kwandon dusa, ragon ya fito sarai. Wannan gyara ne. Amma yanzu akwai manhajojin da su ke share abu daga hoto da taɓawa ɗaya. In ka share gyambon da ke ƙafar ragon, ko ka buɗa hoton don ya yi ƙiba, wannan algus ne, daidai da zuba tsakuwa a buhun riɗi. Ran da mai saye ya ga ragon da idonsa ciniki ya watse, ga asarar kuɗin mota, ga zubewar mutunci. Gobe ko ka aika da hoton gaskiya ba mai yarda. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Haka kuma hoton fasfo, wanda a ke liƙawa a takardar makaranta, ko ta banki, ko ta neman aiki. Amfaninsa a gane mai shi. Kada a ƙara wa fata fari, kada a goge tsage ko tabo, kada a rage hanci. In ma'aikaci ya dubi hoto ya dubi mutum ya ga sun saɓa, yana iya mai da takardar, a yi tafiyar banza. Ku fara tambayar ofishin irin girman da su ke so da launin bayan hoton, ku tsaya a gaban bango marar zane, ku dubi kyamara sosai.

Takardar shaida, da rasit, da takardar gona, su ba a taɓa rubutunsu ko kaɗan. Sāke suna ko lamba a hotonsu jabu ne, laifi ne da a ke kai mutum gaban alƙali a kansa. Har wa yau, kada ku gyara hoton wani ku watsa ba da izininsa ba, balle na matan mutane da 'ya'yansu.

Ga ma'auni mai sauƙi. In kun gama, ku ajiye hoton kusa da abin da ku ka ɗauka. In wanda ya dubi su biyun zai ce lalle shi ne, gyaranku ya yi. In kuwa zai ce an cuce shi, ku koma ga na asali.

Sababbin kalmomi

Kyamara. Fiksel. Manhaja. Algus. Jabu. Ku rubuta ko wace sau uku, ku sa ta cikin jimla.

Tambayoyi

1. Waɗanne launuka uku ne su ke haɗuwa a ɗigon hoto?
2. Don me a ke ajiye hoton asali?
3. Hoto yana da ɗigo 2,000 a tsawo, 1,000 a faɗi. Ɗigo nawa ke nan duka?
4. Waɗanne abu biyu ne ba su gyaruwa?
5. Mene ne bambancin gyara da algus?

Aikin gida

Ko wane ɗalibi ya ɗauki hoton abu ɗaya na sana'arsa, ko akuya, ko tabarma, ko kwanon gyaɗa. Wanda ba shi da waya ya haɗa kai da mai ita. Ku gyara ta matakan nan shida, ku zo aji da na asali da gyararren, mu jera su mu duba tare.