SUNAN YARO AMANA NE: DARASI GA SHUGABANNIN 'YAN AGAJI DA 'YAN SIKAWUT

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya azurta mu da 'ya'ya, ya sanya su amana a wuyanmu. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka:

Ya 'yan'uwa Musulmi, dalilin wannan darasi shi ne wata tambaya da wani dattijo ya yi mana a nan Yelu bayan sallar la'asar. Ɗansa yana cikin wata ƙungiyar samari masu kaki da fareti, sun yi zaman horo lokacin hutun makaranta. Da aka watse sai shugabansu ya sa hotunan yaran a Facebook, ƙarƙashin kowane hoto ga sunan yaro, ga na mahaifinsa, ga ƙauyensu. Dattijon bai san an yi ba, sai da wani ƙanensa mai ci-rani a Kwatano ya kira shi yana yi masa barka. Ya ce mana: "Malam, da izinin wa aka yi haka?"

Ba mu ƙin waɗannan ƙungiyoyi. Sikawut wani Bature ne, Baden-Powell, ya fara ta a Ingila cikin 1907, ta bazu har ta iso ƙasashenmu. Ƙungiyoyin Musulunci irin su Jama'atu Nasril Islam da Fityanul Islam da Izala su ma suna da 'yan agajinsu, waɗanda ke tsara jama'a ranar Idi da wuraren wa'azi, suna taimakon marasa lafiya. Aikin alheri ne, muna yi musu addu'a. Abin da muke bincike shi ne hukuncin watsa sunayen yaran da ba su balaga ba.

Hujjar masu watsawa

Suna cewa yaro in ya ga sunansa yana ƙara himma, masu taimaka wa ƙungiya kuma suna ganin inda dukiyarsu ta tafi. Suna cewa ai ko a musabaƙar Alƙur'ani ana kiran sunan wanda ya yi nasara a gaban taro. Wannan magana tana da kamun kai, sai dai ƙiyasin bai daidaita ba. Sunan da aka kira a filin masallaci, waɗanda suka ji shi mutanen gari ne, sun san yaron, uban ya san su, kuma taro ya watse magana ta wuce. Wanda aka sa a intanet kuwa yana isa ga wanda ba mu sani ba, a kwafe shi, a ajiye shekaru, ko an goge na farko ba a iya kiran sauran su dawo.

Abin da shari'a ta nuna

Na farko, yaro yana ƙarƙashin waliyyinsa. Uba ya miƙa ɗansa ga ƙungiya domin a koya masa ladabi da taimakon jama'a, bai ba da izinin tallata shi ba. Allah ya yi umurni da mayar da amana ga masu ita cikin Suratun Nisa'i, aya ta 58. Hadisin Ibnu Umar da Bukhari da Muslim suka ruwaito kuma ya kamanta duk mai shugabanci da makiyayi wanda za a tambaya game da garkensa. Shugaban 'yan agaji yana cikin wannan tambaya.

Na biyu, Suratun Nur, aya ta 27, ta hana shiga gidan wani sai da izini. A ƙauyukanmu, sunan yaro da na ubansa da na garinsu sun isa su kai baƙo har ƙofar gida. Wanda ya watsa su ya buɗe ƙofar da ba tasa ba.

Na uku, cikin Suratu Yusuf, aya ta 5, Annabi Yaƙubu (A.S.) ya hana ɗansa ya ba 'yan'uwansa labarin mafarkinsa. Ni'ima ce, kuma 'yan'uwa ne na jini, duk da haka ya ɓoye ta don tsoron makirci. To ina ga baƙin da ba mu taɓa ganin fuskarsu ba?

Na huɗu, malamanmu na mazhabar Imam Malik sun yi riƙo da toshe kafar ɓarna, wato hana abin da asalinsa halal ne in an ga zai zama hanyar cuta, kuma tunkuɗe ɓarna suna gabatar da shi a kan jawo amfani.

Shin ɓarnar gaskiya ce?

Mu mutanen iyaka ne. Ga Malanbil a ƙetaren kogi daga Gaya, ga Kamba a jihar Kebbi, mutane na kai da kawo kullum. A ranar 30 ga Mayu 2021 'yan bindiga sun kwashe yara fiye da 100 daga Islamiyyar Salihu Tanko a Tegina, jihar Neja, ba a sako su ba sai cikin Agusta. Ranar 17 ga Yuni na shekarar aka afka wa kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yauri a Kebbi. Ba mu ce intanet ce ta kai ɓarayin can ba. Muna cewa a zamanin da yaro ya zama abin neman kuɗin fansa, sanar da duniya ɗan wane ne, da inda za su yi zama, da ranar, sakaci ne. Ga kuma ɗan damfara wanda zai kira uwa ya ambaci sunan ɗanta daidai, ya ce ya yi haɗari a turo kuɗi maza. Ga masu sauya hotunan 'yan mata don ɓata musu suna.

Dokokin ƙasa ma sun gane haka. Nijar ta yi doka mai lamba 2017-28 ta ranar 3 ga Mayu 2017 kan kare bayanan mutane, aka sabunta ta a 2022. Dokar Nijeriya ta 2023 ta shar'anta neman yardar uba ko waliyyi kafin a yi amfani da bayanan yaro.

Shawararmu ga shugabanni

1. Rajistar sunaye ta zauna a hannun magatakarda, kada ta shiga Facebook ko zauren WhatsApp mai tarin baƙi.
2. A nuna aikin da aka yi, kamar sharar maƙabarta ko dashen itace, ba tare da sunayen yara ba.
3. In ana son yaba wa wani yaro, a yi a gaban iyaye da malamai. In har za a buga, sai da izinin waliyyi bayan an fahimtar da shi, kuma kada a haɗa suna da ƙauye da makaranta.
4. Kada a sanar da wurin zama da ranarsa sai bayan yara sun koma gida.
5. In uba ya ce a cire, a cire ba tare da gardama ba.
6. Lalura tana da hukuncinta: yaron da ya ɓace a watsa sunansa da hotonsa, in an same shi a goge.

Ku ma iyaye, ku tambayi shugabannin 'ya'yanku abin da suke yi da hotunansu, kuma ku fara da wayoyinku.

Allah ya tsare mana zuriyarmu, ya shirye su, ya ba mu ikon sauke amana. Allah ne mafi sani. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.