Yadda Za Ki Duba Nononki Don Gano Sankara Da Wuri

Sankarar mama ita ce ciwon dajin da ya fi kama mata a Najeriya, kuma jinkiri ne ke ba ta ƙarfi. Mace za ta ji ƙullutu, ta ce ai ba ya ciwo, bari ta gani. Alhali sau da yawa haka cutar take farawa, babu zafi ko kaɗan.

Ki ware rana ɗaya kowane wata, 'yan kwanaki bayan kin yi wankan haila, lokacin da nono ya saki. Wadda ta daina al'ada ta tsayar da rana guda, ko da ranar tsayuwar wata ce.

Fara da madubi. Ki duba hannaye a sauke, ki ɗaga su sama, sannan ki riƙe ƙugu. Abin nema shi ne sauyi: fata ta lotsa ko ta yi kaushi kamar ɓawon lemo, kan nono ya shige ciki, ko yana fitar da jini ko wani ruwa ba tare da an matsa ba.

Sai ki kwanta rigingine, matashi a ƙarƙashin kafaɗar dama, hannun dama a bayan kai. Da cikin yatsu uku na tsakiya na hannun hagu ki riƙa murzawa a zagaye, a hankali tukuna, sannan ki danna har ki ji haƙarƙari. Ki bi daga ƙashin wuya zuwa ƙasan nono. Kada ki tsallake hamata, nan ne mutane suka fi mantawa. Ki juya ɗaya gefen.

In kin ji wani abu, kada hankalinki ya tashi, yawancin ƙullutu ba sankara ba ne. Amma yatsa ba ya bambancewa. Ki je asibiti cikin makon, ko da shayarwa kike. Likita zai duba, ya tura ki hoto, wataƙila a ɗebi 'yar tsoka da allura a auna. Zancen da ake yi cewa daji ba ya son allura ya halaka mata da yawa. Kada ki bari wanzami ya tsaga, kada ki ɓata watanni kina shafe-shafe.

Dubawar gida ba ta isa ita kaɗai ba. In kin kai shekara 40, ki tambayi likita batun hoton mamogiram, wanda ke ganin ƙari tun hannu bai ji shi ba. Asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya suna duba masu wannan lalura. In mahaifiyarki ko 'yar'uwarki ta taɓa yin cutar, ki faɗa wa likita tun kafin ki kai waɗannan shekarun.