Darasin Turanci: Aikatau So-karɓau da Ƙi-karɓau

Darasinmu na wannan mako a kan aikatau iri 2 ne. Waɗanda suka yi nahawun Larabci sun san su da muta'addi da lazim.

So-karɓau yana bukatar abin da aikin ya faɗa wa. Idan muka ce wa ma'aikacin rajista "I lost" muka yi shiru, zai ɗauka an cinye mu ne a wasa. Mu ƙarasa: "I lost my card", wato na ɓatar da katina. Haka nan "We need water", muna bukatar ruwa.

Ƙi-karɓau kuwa ya wadatu da kansa. A asibiti mu ce "The baby coughs", jariri yana tari. In za mu ambaci wuri, sai mun sa 'yar kalma a tsakani: "We came from Sinja", ba "We came Sinja" ba.

Hanyar ganewa: bayan aikatau mu tambaya "me?" ko "wa?". In akwai amsa, so-karɓau ne.

Aikin gida, tare da yara: mu rarrabe sleep, bring, arrive, carry. Amsa tana fitowa ta gaba.